Tambaya da Amsa: Katafilar Wasa a Gidan da Ke da Mai Rarrafe

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da yaro ɗan shekara biyar wanda tun lokacin da ake aikin hanyar Kaduna zuwa Kano ya ƙwallafa ransa a kan manyan motocin aiki, har ba ya da zance sai na katafila da tifa. Da Sallar nan kawunsa ya kawo masa kwalin motocin wasa guda shida, akwai katafila da tifa da gireda da motar kwaɓa siminti, tare da sukurudireba na roba da ƙananan sukurori, ana kwance motocin a sake ɗaura su. An rubuta 3+ a jikin kwalin. Damuwata ita ce gidanmu gidan yawa ne: ina da yarinya 'yar wata goma sha ɗaya mai rarrafe, abokiyar zamana kuma tana da ɗan shekara biyu. Shekaranjiya na zaro tayar tifa daga bakin ƙaramar. Surukata ta ce in daina ɗaga hankalina, su da motar kara da ta langa-langa suka raini 'ya'yansu. In ƙwace motocin ne, ko in bar masa? Daga wata uwa a Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah Ya raya mana su. Kin yi daidai da kika damu, domin tayar da kika zaro ita ce ainihin abin da rubutun nan na 3+ yake gargaɗi a kansa. Iyaye da yawa suna ɗauka lambar tana nufin shekarun da yaro zai iya gane wasan, sai su ce ai nasu yana da wayo. Abin da take nufi shi ne a cikin kwalin akwai abubuwan da za su iya toshe maƙogwaron yaron da bai kai shekara uku ba. Masu ƙera kayan kuma suna lissafi da gidan da yaro ɗaya ke da ɗakinsa. Mu a nan tsakar gida ɗaya ce da tabarma ɗaya, kuma duk abin da aka saya wa babba, kafin la'asar ya isa hannun ƙarami. Saboda haka a gida irin naki, shekarun wanda ya fi kowa ƙanƙanta ake dubawa.

Ma'aunin da ake amfani da shi a Turai da Amurka ɗan bututu ne mai faɗin milimita 31.7, wato inci ɗaya da kwata, wanda aka yi shi daidai da faɗin maƙogwaron ƙaramin yaro. Duk abin da ya shige cikinsa ɗungurungum, doka ta hana a sa shi a kayan wasan 'yan ƙasa da shekara uku. Ke ma kina iya yin wannan gwaji. Ki sa a yanko miki guntun bututun ruwa mai wannan faɗi a wurin masu kayan famfo na kasuwar Sabon Gari, ko ki yi amfani da kwalin da ke tsakiyar tishu, wanda ya ɗan fi faɗi, kuma hakan ya fi ma alheri. Bayan yara sun yi barci ki zazzage kwalin a faranti, ki bi kayan ɗaya bayan ɗaya. Sukurori da 'yan mutum-mutumin leburori da ƙananan alamomin hanya duk za su shige. Sannan ki kama kowace taya ki ja ta da ƙarfi, ki murɗa bokitin katafila da akwatin tifa yadda yaro zai yi idan rigima ta kaure, domin abin da ya cire a hannunki zai cire a hannunsu. Idan taya ta fita ta bar siririn ƙarfe tsirara, wannan ƙarfen ma abin tsoro ne ga ido da dasashi.

Ban ga dalilin ƙwace masa gaba ɗaya ba. Irin wannan wasa na kwancewa da ɗaurawa yana koya wa yaro haƙuri da sarrafa yatsu, kuma yawancin kanikawan da muke kai wa ababan hawanmu da irin wannan ƙwaƙwa suka fara. Abin da za ki yi shi ne ki raba kayan biyu. Manyan motocin da suka ci gwajin ja su zauna a hannunsa. Sukurori da sauran ƙananan su koma cikin robar da ke da murfi mai ƙarfi, a ajiye ta a saman sif, a riƙa sauko da ita lokacin da ƙananan suke barci ko suke goye, ya yi wasansa a kan tire a gabanki ko gaban babansa. Ki ƙirga su tun yau ki rubuta adadin a jikin murfin, kuma kada a rufe robar sai lissafi ya cika. Ki sa shi cikin ƙirgar, ki nuna masa cewa shi ne yaya kuma amanar ƙanwarsa tana hannunsa. Yara masu shekarunsa suna riƙe irin wannan da muhimmanci fiye da yadda muke zato.

Akwai abubuwa biyu da suka fi sukurori tayar mini da hankali, ina roƙonki ki duba su yau ɗin nan. Na farko shi ne batir. Idan wata motar tana kunna wuta ko tana kuka, galibi a cikinta akwai ɗan batir mai faɗi kamar kwabo, irin na agogo. Idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale a hanyar abinci, yawu yana sa wutar batirin ta haifar da sinadari mai cin nama, kuma cikin awa biyu kacal yana iya ƙona wurin har ya kai ga hudawa, alhali yaron yana numfashi lafiya, ba abin da ake gani sai dalalar da yawu ko ƙin abinci. Murfin batir dole ya zama mai sukuru. Idan da farce ake ɓalle shi, ki cire batirin ki kai shi inda yaro ba zai samu ba, domin wanda ya mutu ma yana da sauran ƙarfin yin ɓarna. Na biyu shi ne maganaɗisu, wanda akan sa a ƙugiyar motar ɗaga kaya. Idan yaro ya haɗiye biyu, sukan janyo juna ta bangon hanji su matse shi har ya huje, kuma ƙarshenta sai tiyata.

Idan kina zargin an haɗiye ɗaya daga cikin waɗannan, kada ki sa yaro amai, kada a ɗura masa manja ko madara, kuma kada a ce a jira ya fita a bayan gida. A nufi asibitin da ke ɗaukar hoto nan take, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a tafi da motar ko kwalinta, a faɗa wa ma'aikatan tun daga ƙofa cewa batir ne ko maganaɗisu. Ga yaron da ya wuce shekara ɗaya, likitoci sun yarda a ba shi zuma ƙaramin cokali biyu duk bayan minti goma a kan hanya, har sau shida, don rage ƙunar batir, amma ba a tsaya neman zuma a ɓata lokaci. 'Yarki ba ta kai shekara ba, don haka ita ba a ba ta zuma.

Idan kuwa abu ya shaƙe yaro, matuƙar yana tari da ƙarfi a bar shi ya yi ta tari. Idan murya ta ɗauke, jaririya kamar taki sai ki kifa ta a kan hannunki, kanta ya yi ƙasa da ƙirjinta, ki buga tsakanin kafaɗunta da tushen tafin hannu sau biyar, ki juyo ta ki danna tsakiyar ƙirji da yatsu biyu sau biyar, ki yi ta maimaitawa ana neman abin hawa. Kada ki zura yatsa kina lalube in ba kina ganin abin ƙuru-ƙuru ba, domin kina iya tura shi ciki.

Game da maganar Hajiya surukarki, tana da gaskiyarta, kuma ki faɗa mata hakan. Motar kara ba ta da batir ko fenti, kuma yaron da ya ƙera ta da kansa ya ƙaru. Ta langa-langa ce ke yanka, shi ya sa ake son a naɗe bakin gwangwanin, a kuma tabbatar yaro ya kammala rigakafinsa, wanda ya haɗa da na cutar sarƙewar haƙora. Ki nuna mata batirin a tafin hannunki ki yi mata bayani cikin ladabi, na tabbata ita za ta fi ki sa ido.

TAMBAYA: Malam, nakan sayo wa yarana motocin ƙarfe na gwanjo saboda sun fi na roba ƙarko, amma wasu fentinsu ya fara ɓarewa. Akwai matsala? Daga wani magidanci a Samaru.

AMSA: Malam, ƙarkonsu gaskiya ne, domin robar banza idan ta sha ranar bazara takan bushe ta fashe da kaifi. Sai dai kayan gwanjo suna zuwa ba kwali, ba shekaru, ba sunan wanda ya ƙera, kuma ba ka san shekarar da aka yi musu fenti ba. A 2007 kamfanin Mattel ya janye miliyoyin kayan wasa daga kasuwannin duniya, wasu saboda dalma a fentinsu, ciki har da wata ƙaramar motar ƙarfe, wasu saboda maganaɗisun da ke faɗowa. Bayan nan ne Amurka ta yi dokar 2008 da ta rage dalmar da aka yarda da ita a fentin kayan yara zuwa kashi 90 cikin miliyan. Tsohuwar mota tana iya girmar wannan doka. Mu kuwa ba baƙin gubar dalma ba ne, tun da a 2010 ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara. Wadda ke cikin fenti ba ta kai wannan yawa ba, amma tana taruwa a jiki a hankali ta taɓa ƙwaƙwalwa, kuma ido ko wanki ba sa gano ta. Duk motar da fentinta ke ɓarewa ka fitar da ita daga gida, kada ka kankare ta, domin ƙurar ta fi illa.

Idan za ka sayi sabuwa, ka nemi kwali mai sunan kamfani da adireshinsa da shekarun da aka ƙayyade. Alamar CE shaidar mai ƙerawa ce cewa ya bi ƙa'idar Turai, amma kowa na iya buga ta, saboda haka ka haɗa da hancinka da hannunka: ka guji mai warin kalanzir ko taya, da mai baki mai kaifi. Kayan wasan yara suna cikin abubuwan da hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ke tantancewa kafin shigo da su ƙarƙashin tsarin SONCAP, kuma kana da damar kai ƙorafi wurinta ko wurin hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu sayen kaya idan aka sayar maka da abin da zai cutar da yaro. Ka roƙi mai shago ya buɗe kwalin ka ja tayoyin a gabansa kafin ka biya.