Agogon waje a situdiyo: a saya ko a riƙe jari?

Wani mai situdiyon ɗaukar sauti ya rubuto mana cewa yana da intafes mai kafa takwas, wato akwatin da ke shigar da sauti cikin kwamfuta, kwanan nan kuma ya ƙara wata na'urar makirfo mai kafa takwas da ya haɗa ta wayar ADAT, mai ɗaukar sautin dijital daga wata na'ura zuwa wata. Tun daga ranar yake jin ƙas-ƙas jefi-jefi a cikin abin da ya ɗauka. Mai sayar masa da kaya ya ce maganin shi ne ya sayi agogon waje, wato akwati na daban da ke ƙirga wa na'urorin sauti lokaci, wai zai kawar da ƙarar, ya kuma gyara sauti har ya samu damar ƙara wa kwastomomi kuɗin aiki. Ga ɗan jarin da ya ware, ya saya ko kuwa?

Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Matsalarka ta agogo ce da alama, amma da wuya a ce sai ka sayi wani abu kafin ta warke.

Kowace na'urar sauti ta dijital tana da ɗan kiristal a cikinta da ke ƙirga mata lokaci: sau 44,100 ko 48,000 a daƙiƙa take yankar sampul, wato ɗan mitsitsin yanki na sauti. Kiristal biyu ba sa taɓa tafiya daidai wa daida. A ce bambancinsu kashi 50 ne cikin miliyan, wanda ba wani abin mamaki ba ne. A kan 48 kHz, hakan na nufin sampul 2.4 ke yin yawa ko kaɗan a kowace daƙiƙa. Na'urar da ke karɓa sai ta yar da ɗaya ko ta maimaita ɗaya, wannan tsallen kuwa shi ne ƙas ɗin da kake ji. Dokar guda ce: na'ura ɗaya ce jagora, sauran duka mabiya.

Wayar ADAT tana ɗauke da agogo a cikin siginarta, haka sauran hanyoyin haɗin dijital irin su S/PDIF da AES3. Saboda haka shiga saitin sabuwar na'urar ka bar ta a kan Internal, sannan ka buɗe manhajar intafes ɗinka ka zaɓi ADAT a matsayin tushen agogo. Idan ka fi son intafes ya jagoranta, sai ka mayar wa ɗayar agogo ta kebul ɗin BNC daga kafar da aka rubuta Word Clock Out, ko ta wayar ADAT ta biyu idan tana da mashiga. Ka tabbata duka biyun suna kan yawan sampul ɗaya, 44.1 ko 48 kHz, fitilar Lock kuma ta tsaya cak ba ta ƙyaftawa. Ka ɗauki sautin gwaji mai tsayi na 1 kHz na minti goma, ka saurara da abin kunne. A irin wannan sautin ƙas ba ya ɓuya.

Idan fitila ta tsaya amma ƙarar tana nan, ɗaga bafa, wato yawan sampul da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa su, daga 128 zuwa 512 ka sake gwadawa. In ta ɓace, kwamfutar ce ta gaza, kuma agogon waje komai tsadarsa ba zai taɓa wannan ciwon ba.

Maganar cewa zai gyara sauti ita ce ta fi damun mu, domin nan ne jari ke salwanta. Abin da ke lalata sauti wajen juya shi zuwa lambobi shi ne rawar lokaci, wato bugun agogo ya zo da ɗan wuri ko ɗan latti. Na'ura ta fi samun natsuwa idan tana bin kiristal ɗinta da ke dab da mai juya sautin. Da ka ba ta agogo daga waje, dole wani sashe da ake kira PLL ya bi siginar da ta biyo kebul ya sake gina agogon ciki da ita. Idan wannan sashen mai kyau ne, sautin zai fito kamar yadda yake a da. Idan mai rauni ne, rawar na iya ƙaruwa. Ke nan ka biya kuɗi don ka tsaya inda kake, ko ka ɗan koma baya. Agogon rubidiyam mai 10 MHz da ake yawan kambamawa yana ba da daidaito na dogon lokaci ne, abin da gidajen watsa shirye-shirye ke buƙata, ba abin da kunnen kwastoma zai kama ba. Fayil ɗin da ka haɗa ka fitar a cikin kwamfuta kuwa, agogo ba ya taɓa shi ko kaɗan.

Akwai lokacin da sayen ke zama dole. Idan na'urorinka na dijital sun kai huɗu ko biyar, mikisa da rikoda da masu juya sauti, jera su ɗaya bayan ɗaya yana zama haɗari: ka kashe ta tsakiya, na bayanta duka su rasa agogo. A nan agogo ɗaya mai mafita da yawa, kowace na'ura da kebul ɗinta, yana kare ka daga tsayawar aiki. Haka idan ka fara karɓar aikin fim ko talabijin, inda sauti ke tafiya a 48 kHz kuma dole ya bi siginar daidaiton bidiyo. Wancan bambanci na kashi 50 cikin miliyan yana zama daƙiƙa 0.18 cikin awa ɗaya, ya isa baki da murya su rabu a allo. Ka lura kuma, lambar lokaci ta SMPTE tana faɗin inda ake ne kawai a cikin shiri, ba ta maye gurbin agogon sampul.

Idan kayanka na Dante ne, wato masu aika sauti ta cibiyar sadarwar kwamfuta, cibiyar da kanta take zaɓar jagora ta tsarin daidaita lokaci da ake kira PTP, ba sai ka ja BNC zuwa kowane akwati ba. Na'urar da ba ta karɓar agogo, irin na'urar kunna CD ta gida, ko dai ta zama jagora, ko ta shigo ta mashigar da ke da mai canza yawan sampul.

Ranar da sayen ya kama, lissafinka kada ya tsaya a kan akwatin. Ƙirga mafita, ka bar biyu na ajiya don kayan da za ka ƙara. Kebul ya zama mai om 75 (om ma'aunin turjiyar lantarki ne). Akwai mai om 50 da ya yi kama da shi ƙwarai, kuma yana jawo matsala idan ya yi tsawo. Kowane layi yana son toshiya ta om 75, wato ɗan marfin da ke hana sigina dawowa, guda ɗaya tak a ƙarshensa. Babu toshiya, siginar ta dawo da baya ta rikita na'ura. Toshiya biyu a layi ɗaya, siginar ta yi rauni har Lock ya riƙa ɗaukewa. Wasu na'urorin suna da tasu a ciki, wasu da makunni, don haka duba littafin kowacce kafin ka ƙara ta waje. Idan yawan mafita ne kawai ya yi maka kaɗan, akwatin rarraba agogo ya ishe ka, ka bar mafi kyawun na'urarka ta jagoranta.

Sai haɗarin da ba a cika faɗa ba. Agogon waje ya zama abu ɗaya da in ya mutu, komai ya tsaya. Mai ba da hayar kaya a wajen taro dole ya san yadda kowace na'ura ke yi idan agogo ya ɗauke: ta koma nata na ciki, ko ta yi shiru? Kuma idan agogon yana kan 48 alhali aikin an buɗe shi a 44.1, komai zai ɗauku da bambancin sauri na kusan kashi 9 cikin ɗari, murya ta sauya, ka yi aikin gyara ko ka sake zaman kyauta.

Lissafin sayen mai sauƙi ne. Haɗa kuɗin agogo da kebul da toshiya, ka raba da ribar da kake samu a aikin da ba za ka iya karɓa ba sai da shi. Abin da ya fito shi ne yawan ayyukan da za su mayar maka da uwar kuɗi. Idan babu irin wannan aikin a gabanka yanzu, babu abin rabawa, in kuma sau ɗaya ne a shekara, haya ta fi. Da na'ura biyu kamar naka, jarin ya fi amfani a gyaran bangon ɗaki don rage amsa-kuwwa, ko makirfo mai kyau, ko batirin da zai riƙe kayan idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar ɗauka.