Na Sayi Sauti, An Ce Ba Nawa Ba Ne

Tambaya: Malam, ina haɗa kiɗa a Jos. Na sayi guntun sautin piyano a wani rumbun sautuka na intanet, na gina waƙa a kansa. Da na ɗora ta a YouTube sai wani ya yi iƙirarin mallakarta. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, izinin amfani ka saya, kuma wasu ma na iya sayen irinsa. Manhajar Content ID, wadda YouTube ke amfani da ita wajen gano kayan da aka yi wa rajistar mallaka, zubin sauti take kwatantawa, ba ruwanta da rasit. Da alama wani ne ya riga ka yi wa waƙarsa rajista a Content ID da wannan guntun a ciki, alhali ƙa'idar YouTube ta hana rajistar abin da ba naka kai kaɗai ba.

Shiga YouTube Studio, wato shafin kula da tasharka, ka ƙalubalanci iƙirarin, ka ambaci lasisinka da ranar saye. Mai iƙirari yana da kwana 30 ya ba da amsa. In ya yi shiru, iƙirarin ya faɗi. Ka hanzarta cikin kwana 5 da yin iƙirarin, domin YouTube ta riƙe kuɗin talla tun daga ranar farko har a warware rigimar.

Nan gaba, kada ka bar guntun tsirara a cikin waƙa, a haka aka fi kama shi. Yayyanka shi, sauya masa murya, ka ɗora kalangu a kai.