Dalilin da ya sa Eddie Hall ya bar gasar duniya a shekarar da ya ci ta

Jiya da daddare muna tattara ƙarafa za mu rufe gidan horo ka jefo min tambaya, ban amsa ba don ina saurin in riski jam'in isha'i. Cewa ka yi: "Oga, mutum ya ɗaga kilo 500, ya zama wanda ya fi kowa ƙarfi a duniya yana ɗan shekara 29, sai kuma ya ce ya bar gasar? Ba tsoron kada a rama ba ne?" Na kuma san abin da ke ƙarƙashin tambayar, domin labari ya iso min cewa kana shirin barin garejin maigidanka ka tare a nan. To zauna a bencin nan, yarona.

Abin da ba ka gani a bidiyon da kake kallo a waya shi ne, mutumin nan bakanike ne irinka. An haife shi a 1988 a Newcastle-under-Lyme da ke Ingila. Yana yaro ninƙaya yake yi, har matakin ƙasa. Makaranta ta kore shi yana da shekara 15, bai daɗe ba ya shiga koyon gyaran manyan motoci a wani garejin DAF, irin waɗannan da kake kwana a ƙarƙashinsu. Kusan shekara goma ya yi yana riƙe da sifana da rana, da dare ya je ya ɗaga ƙarfe. Ya fara shiga gasa a 2007. Ko kambun Ingila da ya ci a 2010, gurbin wani da ya ji ciwo aka ba shi. Ya fara zuwa gasar World's Strongest Man, ta fitar da wanda ya fi kowa ƙarfi a duniya, a 2012 bai kai zagayen ƙarshe ba, 2013 ma haka. A 2014 ya zo na shida, 2015 na huɗu, 2016 na uku. Mafi yawan shekarun nan albashin gareji ne ke sayen namansa. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Yanzu ga inda maganar take. A babbar gasar nan ba a raba mutane da sikeli kamar yadda ake yi a damben Turawa. Kowa da jikin da ya zo da shi. Abokan karawarsa biyu, Brian Shaw na Amurka da Hafthor Bjornsson na Aisland, kowannensu ya haura mita biyu a tsayi, shi kuwa bai wuce mita 1.9 ba. In aka zo ɗora duwatsun nan guda biyar a kan dandamali, dogo ya riga ya ci rabin aikin tun bai sunkuya ba. In aka zo jan jirgin sama ko ɗaukar kaya a gudu, takun dogo ɗaya takunka ɗaya da rabi ne. Sai Hall ya zauna ya yi lissafi irin na bakanike: tunda ba zai ƙara tsawo ba, bari ya mallaki duk wasan da ake yi a tsaye wuri ɗaya, wato ɗagawa daga ƙasa, da tsugunawa da kaya a kafaɗa, da turawa sama da kai. Waɗannan kuwa nauyi ke ɗaga nauyi. Saboda haka ya ƙera jikinsa har ya haura kilo 190.

Kana jin kilo 190 kamar abin daɗi ko? Shi da kansa ya faɗa cewa a lokacin yana cin abin da ya kai kalori 12,000 a rana, alhali namiji mai aikin ƙarfi irinka bai fi buƙatar 3,000 ba. Ka ɗauki abin da kake ci daga karin safe zuwa tuwon dare ka ninka sau huɗu, kullum, ko kana so ko ba ka so. Duk wanda na taɓa horarwa ya yi ƙoƙarin ƙara kilo goma kawai ya san cewa ɗaga ƙarfen ya fi sauƙi a kan kwano na biyar. Ga barci. Wuya in ya yi kauri irin wannan, mutum na kwanciya hanyar numfashi ke toshewa, shi ya sa da yawa daga cikin ƙartin nan sai da na'urar hura iska a hanci suke barci. Zuciya kuwa ba ta san kambu ba. Famfo ce, an ba ta gidan da ya ninka wanda aka yi ta dominsa.

Sai ranar 9 ga Yuli, 2016, a Leeds. Kafin in kai can, ga wani abu da nake so ya zauna maka, kai da ke sakin ƙarfe ya daki ƙasa don 'yan kallo su juyo. A 2014, a garin nan dai, Hall ya miƙe da kilo 461, abin da zai zama tarihi, sai ya sake shi ya faɗi maimakon ya sauke da hannunsa. Alƙalai suka ce bai ci ba. Shekara guda ta horo ta tafi a kan ladabin saukewa.

A daren 2016 su uku suka ɗaga 465: shi, da Benedikt Magnusson, da Jerry Pritchett. A al'adar sana'ar nan kilo ɗaya ko biyu ake ƙarawa a karya tarihi. Shi sai ya ce a ɗora 500. Buhun siminti goma ke nan a kan sanda ɗaya. Ya ɗaure hannunsa da maɗauri, ya ja, ya miƙe, ya riƙe, ya sauke yadda doka ta ce. Yana saukewa ya durƙushe, jini na zuba ta hanci, ya sume. Daga baya ya ba da labarin cewa ganinsa ya ɗauke na ɗan lokaci, kuma ya yi kwanaki tunaninsa bai dawo daidai ba.

Ka san dalili? In za ka ja kaya mai nauyi, kana cika ciki da iska ka toshe, don ƙashin baya ya sami madogara. Haka na koya maka, kuma daidai ne. Amma a daƙiƙun nan hawan jini yana tashi ya ninka na mai zaman lafiya. A kilo 120 naka, jiki yana shanyewa. A 500, jijiyar da ta fi rauni ce ke biya. Ba kuma tatsuniya ba ce ga mutanen wannan fage. Jon Pall Sigmarsson na Aisland, wanda ya ci duniya sau huɗu, a 1984 da 1986 da 1988 da 1990, yana cikin wannan ɗagawar daga ƙasa a gidan horonsa babbar jijiyar zuciyarsa ta tsage a Janairun 1993. Shekararsa 32. Gani ga wane, ai ka san ƙarashen.

A 2017 aka yi gasar duniyar a Gaborone, babban birnin Botswana. Lissafinsa ya fita daidai: ya ci tsugunawa, ya ci turawa sama, ya ci ɗagawa daga ƙasa, ya lallaɓa sauran. Da maki ɗaya tak ya doke Hafthor, wanda bai yarda da hukuncin da ya hana shi turawa guda ba, kuma rigimar ta yi shekaru ba ta mutu ba. Nan ne maganarka ta tsoro take da ɗan kamshin gaskiya, ba zan ɓoye maka ba: a ganina da ya dawo a 2018 da wuya ya sake ci, kuma Hafthor ɗin ne ya ɗauka a shekarar. Amma mutumin da ya san ya matse jikinsa har digon ƙarshe ya samo maki ɗaya, kuma ya san zama a wannan nauyin wata shekarar na iya mayar da 'ya'yansa marayu, in ya sauka ni ba na kiransa matsoraci. Lafiyarsa da iyalinsa ya ambata da ya tashi bari. Ya ƙara cin kambun Birtaniya a 2018, na biyar a jere, sannan ya shiga rage jiki.

Batun kuɗi kuwa, kyautar gasa ba ta riƙe ko manyan cikinsu, balle na goma da na ashirin. Tallan kaya, da talabijin, da YouTube, nan abincin yake. Rigimarsa da Hafthor ma sai da suka mayar da ita kasuwa, suka yi dambe a Dubai a Maris 2022, Hafthor ya yi nasara. Kai wane kamfani ne zai sayi namanka in ka bar gareji gobe? Rayno Nel na Afirka ta Kudu, ɗan Afirka na farko da ya ci gasar World's Strongest Man, a 2025, injiniya ne, da sana'arsa a hannu. Su kuwa masu raɗa maka cewa akwai allurar da za ta taƙaita maka hanya, ranar da na ga sirinji a gidan nan ranar za ka bar shi.

Tunda kana son wanda za ka kalla, ga na kusa da gida. Cheick Sanou da ake kira Iron Biby, ɗan Bobo-Dioulasso a Burkina Faso, shi ya karya tarihin Hall na tura sanda mai kauri sama da kai. Hall ya yi 216 a 2017, shi ya yi 217 a Landan a 2021. A shekarar kuma ya tura gungume mai kilo 229, ya wuce 228 na Zydrunas Savickas da ya tsaya tun 2015.

Gobe in ka tashi daga gareji ka zo bayan la'asar. Za mu sauke ka daga 120 zuwa 100, don na lura bayanka yana lanƙwashewa tun kafin sandar ta wuce gwiwa, kuma za ka riƙa saukewa da hannunka sai na ji ba ta yi ƙara ba. Ka biyo min da walda ka karɓo ƙananan faifan nan biyu na kilo ɗai-ɗai da na bayar a huda.