Ƙwan Maciji Ba Ƙwan Kaza Ba Ne: Amsoshin Wasiƙunku

Tambaya: Kawu, ni ɗalibi ne a Garwa, ƙasar Kamaru. Ina kiwon ƙaramar mesa, wadda ake kira python royal, mace da namiji. Macen ta yi ƙwai shida. Na ga injin ƙyanƙyasar kaji a kasuwa, an yi mini jaka talatin da biyar. In saya?

Amsa: Kada ka saya, ɗana. Injin kaji yana zama ne wajen digiri 37 zuwa 38, mai kansa kuma yana juya ƙwai. Duka biyun ajali ne ga ƙwan maciji. Ƙwan wannan mesar digiri 31 zuwa 32 yake so, da raɓa mai yawa, na tsawon kwana 55 zuwa 60. Kuma ba a juya shi. Jim kaɗan bayan an saka ƙwan, ɗan yakan kafu a gefen sama, idan ka kifa shi yana iya mutuwa a ciki. Ɗauki fensir ka yi ɗigo a saman kowanne, yadda ka tarar da shi haka zai zauna har ƙarshe. Waɗanda suka manne da juna kada ka ɓamɓare su, ɓawon fata ne mai laushi, yagewa yake.

Ka tuna kuma inda kake zaune. Masu koyar da wannan a intanet yawancinsu a ƙasashen sanyi suke, damuwarsu ɗumama ƙwai. Mu a Garwa, a watannin Maris da Afirilu zafi yana haura digiri 40, damuwarmu sanyayawa. Zafin da ya wuce 34 ya daɗe yakan kashe ɗan ko ya fito da shi a karkace. Nemi ɗakin ƙasa mafi sanyi a gidanku, wanda ba kwano ne kai tsaye a kansa ba, da kular ƙanƙara mai murfi, ka jera gorunan ruwa a rufe a cikinta don zafin ya daina hawa da sauka. Idan ka samu vermiculite, wani ma'adini mai riƙe danshi da ake shimfiɗa wa ƙwan a cikin kular, ka auna shi da ruwa nauyi ɗaya ɗaya, ya yi danshi amma kada ya ɗiga in an matse. Kuɗinka ka kashe su a ma'aunin zafi, guda biyu, don na arha suna ƙarya. Mai tsinken awo ka tsoma tsinken a ruwan ƙanƙara, in bai nuna kusan sifili ba ka mayar wa mai shago kayansa.

Shawarar da na fi so gare ka a karon farko ita ce, in uwar ta naɗe ƙwanta, ka bar mata. Ka ajiye mata ruwa, ka kula da zafin ɗakin, ka rage leƙe. Ba za ta ci abinci ba a wannan lokacin, haka halittarta take.

Tambaya: Wani gardi a Marwa ya ce zai sayar mini da ƙwan mesa takwas, jaka biyu kowanne. Na ga kamar arha ne.

Amsa: Nan fa zan daɗe, domin irin wannan cinikin ne ya fi ɓata mini rai. Malam, ka ga uwar? Ba ka gani ba. To me ka saya? Farin ƙwai mai laushi a cikin tsumma. Ƙwan damo da na guza ma laushi gare su. Kumurci ƙwai yake yi, gamsheƙa haka, kububuwar yankinmu ma haka. Wanda bai taɓa riƙe ƙwan mesa ba ba shi da abin gwadawa, maganar mai sayarwa kawai yake bi. Ɗan gamsheƙa kuwa da dafinsa yake fitowa tun ranar farko, kuma cikin gidan da yara ke rarrafe za ka ƙyanƙyashe shi.

A ce ma na mesar ne. An tono shi daga rami ko suri, an zuba a buhu, an ɗaure a bayan babur cikin rana, ya kifa ya fi a ƙirga. Baragurbi ka biya wa jaka goma sha shida. Uwar kuma da wuya a ce ba a kashe ta don fata da nama ba. Idan babbar mesa ce, wadda kan kai mita huɗu har ta wuce, ina za ka ajiye takwas, da me za ka ciyar da su?

Na san amsar da za a ba ni: ai gardin zai haɗa da maganin sara. Wannan ita ce ƙaryar da ke kai mutane kabari. Laya, garin sauyoyi, baƙin dutsen da ake mannawa, tsaga da tsotsa, babu wanda ke karya dafin kububuwa. Dafinta hana jini daskarewa yake, mutum yana zaune kamar lafiya, jini na zuba a dasashi da ciki. Duk wanda ya san kwarin Binuwai ya san yawan manoman da take kwantarwa da damina. Allurar dafi ta asibiti ce kaɗai magani, ita ma sai an duba. Akwai wadda aka haɗa don macizan Indiya, ba ta aiki a kan namu, kuma an taɓa gani a Chadi da Ghana mace-mace suka ƙaru bayan an koma irinta. Kwalbar da aka shanya a tebur a kasuwa, ko ta gaske ce rana ta gama da ita. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa sakaci, mu kuma muna sayo haɗarin da kuɗinmu muna kawowa gida.

Sai doka. Duk nau'in mesa yana cikin yarjejeniyar CITES mai tsare cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, kuma a Kamaru riƙe naman daji a gida yana buƙatar izinin ma'aikatar gandun daji, MINFOF. Ofishinsu na nan a Marwa. Wannan ya shafi ɗalibin Garwa ma, shi da yake gari ɗaya da Makarantar Namun Daji bai da uzurin rashin wanda zai tambaya.

Tambaya: In sa wa kaza ta kwanta a kai?

Amsa: A'a. Jikin kaza ya fi digiri 40, kuma juya ƙwai aikinta ne. Karanta amsa ta farko.

Tambaya: Kawu, ƙwan ƙanina sun kai kwana 48, sun fara lotsawa, ɗaya ya yi ɗan fumfuna. Yaron ya daina barci, ni ma hankalina ya tashi. Daga Ngaundere.

Amsa: Kwantar da hankalinki, 'yata, Allah ya yi miki albarka da kika damu da damuwarsa. Lotsawa a makonni biyun ƙarshe alamar ƙyanƙyasa ta kusa ce. Da a makon farko ne, da na ce ƙishin raɓa ne. Ku kashe fitila, ku haska tocila a jikin ƙwan ba tare da kun motsa shi ba. Jajayen jijiyoyi na nufin rai. Fumfunar a share ta a hankali da auduga. Wanda ya yi kore yana wari shi ne ya mutu.

Ranar da ɗan ya tsaga ɓawo ya leƙo, ki riƙe hannun ƙaninki. Yakan yi kwana ɗaya ko biyu a ciki yana shanye sauran gwaiduwa, jawo shi yana iya kashe shi. Kada a ba shi abinci sai ya yi saɓar farko, bayan mako ɗaya zuwa biyu, sannan ɗan ɓera ƙarami na kiwo. Ɓeran rumbu yana iya ɗauke da guba. Ngaundere ta fi Garwa sanyi, ku fi sa ido a kan ma'aunin da asuba.

Tambaya: Daga Njamena. Nawa zan ci riba a shekarar farko?

Amsa: Ba ka ce kana da maciji ba, ba ka ce kana da mai saye ba. Ƙaramar mesa takan rayu shekara 20 zuwa 30, macen ba ta fara ƙwai sai ta kai wajen shekara uku, sau ɗaya a shekara, wata shekarar ma ta tsallake. Masu fitar da ita waje suna Togo, Benin da Ghana da takardunsu. Idan riba kake nema a bana, sayi zabi.