Kwamfutata ta hana mu barci da ƙugi

Tambaya: Malam, kwamfutar tebur ce da ni, shekararta huɗu a hannuna. Kwanan nan da zarar na fara haɗa bidiyo sai fankokinta su hau ƙugi, har maiɗakina ta fara ƙorafi da dare. Na cire murfin gefe, ba ta daina ba. Ko in zare wayar fanka ɗaya ne in huta?

Amsa: A'a ɗan'uwa, kada ka zare. Fankar nan ba ta yi laifi ba, zafi ne ya sa ta gudu. Firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, na zamani idan zafinsa ya kai wajen digiri 95 zuwa 100 a ma'aunin Celsius yakan rage saurinsa da kansa don kada ya lalace, to ka ga in ka zare fanka, aikin naka ne zai koma tafiyar hawainiya.

Mayar da murfin ma. An tsara akwatin ne iska ta shiga ta gaba ta fita ta baya, in ka bar gefe a buɗe sai ta watse ba ta bi ta kan abin da ke zafi ba.

Ni dai ƙura nake zargi. Na taɓa buɗe tawa bayan dogon sakaci, na tarar ƙura ta dunƙule tsakanin haƙoran ƙarfen da ke tsotse zafin firosesa, ta yi kauri kamar bargo, sai da na ɓamɓaro ta da yatsa. Kashe kwamfutar, zare ta daga soket, ka bi ta da burushi mai laushi da bulowa. Ka riƙe fikafikan fanka da yatsa lokacin hurawa, don in iska ta juya ta fiye da kima boris ɗinta kan ci. Ƙaramin akwatin da ke raba wa kwamfutar wutar lantarki kuwa hura shi ta waje kawai, kada ka kwance shi, yana riƙe wuta ko bayan an kashe.

Shekara huɗu kuma ta isa man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen ya bushe. Goge tsohon, ka ɗiga sabo a tsakiya, kada ya wuce ƙwayar wake.

In har ƙarar na nan, duba girman fankokin. Mai milimita 80 sai ta yi gudun fitar rai kafin ta tura iskar da mai 120 ko 140 za ta tura tana juyi a hankali, shi ya sa manya suka fi shiru. Wadda wayarta ke da fil 4 ta fi sauƙin sarrafawa: shiga BIOS, wato shafin saiti da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta, ka saita ta yadda ba za ta ƙara gudu ba sai zafi ya hau. Wajen ɗaurawa ka lura da 'yar kibiyar da ke jikin yawancinsu, ita ke nuna inda iska ta dosa. Mutane da yawa kan ɗaura fankar baibai.

Sannan ka janye kwamfutar daga jikin bango, ko da tazarar taƙi ɗaya ce.