Ku Tambayi Anti: Yarona Yana Son Tashi Sama

Anti, ɗana mai shekara 7 ya ɗaura zanina a wuya, yana dirowa daga kan benci, wai shi jarumin fim ne. Yaya zan yi?
Wata uwa, Aboabo, Kumasi

'Yar'uwa, duka ba zai raba shi da wannan ba. Nuna masa yadda ake haɗa abin. Igiyoyi ake ɗaura wa ɗan wasan a jiki, a rataye shi gaban koren kyalle, ƙasa kuma ga katifu jibge. Daga baya a goge igiyoyin da kwamfuta, a saka gajimare. Bidiyon bayan fage suna nan a YouTube, ku kalla tare.

Ni benci bai dame ni ba, katanga da bene nake jiye masa. Ki sa ido sosai.