Amsa: maganin da ake zubawa a gazuwal na babbar mota

Malam, ka tambayi wane magani za ka riƙa zubawa a tanki don injin motarka ya daɗe. Ni da nake bin hanyar Gawundere zuwa Kusiri a Kamaru, na ce fara duba man kansa. Gazuwal ɗin jarka na bakin hanya sau da yawa akwai ruwa da ƙura a ciki, wani ma an surka shi da kananzir. Kananzir ba shi da santsi, shi ke cinye famfon injekta, wato famfon da ke tura mai cikin injin, musamman a sababbin motoci masu kwamfuta. Ruwan kuma yana kwanciya a ƙasan tanki, ya kawo tsatsa da baƙin kwata mai toshe filta.

Idan za ka saya, nemi maganin wanke nozul (bakin da ke fesa mai cikin injin) wanda aka rubuta na dizal ne, ka bi awon da ke jikin kwalbar. Maganin hana mai daskarewa kuwa na ƙasashen ƙanƙara ne, a zafin Marwa asarar kuɗi ce kawai.

Tsohon baƙin mai da wasu ke juyewa a tanki, don Allah kada ka soma. Kullum da safe ka tsiyaye ruwan da ya taru a filtar mai, lokacin hunturu kuma ka yawaita duba filtar iska.